Cajin da Ya Ƙare a Hanyar Baure

Da kashi arba'in da shida na bar Daura ranar nan. Na tuna adadin sarai, domin a bakin ƙofa na duba wayar na ce a raina, ai wannan ya isa ya kai mutum Babban Mutum ya dawo da shi. Juma'a ce, tsakiyar damina, kuma kwananmu biyu ba mu ga wuta ba a unguwarmu. Cajar mota kuwa maigidana Abbas ya zare ta tun ranar Laraba da zai tafi Mashi sayen hatsi. Halinsa ne, duk abin da na ajiye a inda ya dace sai ya tarar yana bukatarsa.

Yarinya ce ba ta da lafiya. Sunanta Raihana. Rubutawa nake yi shi ya sa kuka ji, amma da baki ban taɓa faɗin sunan nan ba. Ita ce 'yata ta fari, kuma a gidanmu mace ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. Tun da aka yaye ta aka ba wa ƙanwar Abbas, Ummukulsum, wadda take aure a Babban Mutum kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Shekarar yarinyar tara a lokacin da abin nan ya faru. Ummukulsum take kira Umma, ni kuma Anti Murja.

Ni malamar makaranta ce. Na yi karatuna, ina tuƙa motata, ina tsayawa gaban 'yan mata sittin in yi musu tsawa su nutsu. Amma wannan kunyar na kasa ajiye ta, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, har alfahari nake yi da ita. Abin da na iya shi ne aike. Sabulu, atamfa, man gyaɗa, littattafan rubutu. Sai in ba direban tasha in ce a kai wa Ummukulsum, kowa kuma ya san don wa aka yi. Ranar Larabar nan, bayan Abbas ya fita, na ga buhun farin wake a zaure an ɗaure bakinsa da jar igiya. Na san yarinyar tana son alala. Na sa aka ɗora shi a motar Babban Mutum, ban gaya wa kowa ba.

Da safiyar Juma'a Ummukulsum ta kira wayata tana neman mahaifiyarta, Hajiya Maiturare, wadda take zaune tare da mu. Wayar Hajiya ta faɗa bokitin wanki tun satin da ya wuce, ta hanyata ake samunta. Na miƙa mata, na koma gefe na hau goge takalmin da na riga na goge, kunnena yana wurinsu.

"Tun jiya take amai, Inna," in ji Ummukulsum. "Kai na ciwo, ta ce ƙirjinta ya yi nauyi. Mun ba ta na zazzaɓi. Tana ɗakinta a kwance, na rufe mata taga don ta ce sanyi take ji. Ɗakin ma wani wari yake yi, ɓeraye biyu na share matattu da safen nan. In na ga wani canji zan kira."

Hajiya ta yi mata addu'a, ta miƙo mini wayar. Ta ɗan dube ni, sannan ta ce, "Murja, in kin taso daga makaranta ki kai ni in dubo ƙawar nan tawa. Ƙafata ba za ta iya motar haya ba."

Na ce to. Har yau ina zaton ƙafarta lafiya lau take ranar nan. Ta dai san ba zan iya cewa ina son zuwa ba, sai ta mayar da tafiyar tata.

Sha biyu ta ɗan gota muka kama hanyar Zango. Tun kafin mu bar gari Hajiya ta gyara zama ta ce, "'Yar nan, haɗa min ita da rediyon nan, kamar yadda kika yi ranar bikin su Sadiya."

Hajiya Maiturare mace ce mai jama'a. Shekara talatin ta yi tana sayar da turaren wuta gida-gida, ba gidan da ba ta sani ba tsakanin Daura da Mai'aduwa, kuma duk wanda ta sani yana cikin wani zauren hira a waya. Sati guda ba ta ji muryar kowa ba. Na kunna bulutut, wayar ta haɗu da motar, na kunna data, na buɗe mata zauren danginsu. Saƙonnin murya suka fara sauka, sun fi ɗari. Ta rungume wayar a cinya tana dannawa ɗaya bayan ɗaya, muryoyin mata suka cika motar. An yi haihuwa a Kazaure, an yi rasuwa a Magarya, wance ta dawo daga Umara ba ta raba wa kowa dabino ba. Kowane saƙo sai ta amsa, kuma Hajiya ba ta san gajeriyar gaisuwa ba. Sai ta tambayi maigida da yara da gajiya da ruwan sama kafin ta zo kan maganar.

Muna wuce Zango na saci kallon fuskar wayar. Talatin da ɗaya. Na ɗan ji wani abu, amma na ce ba komai, rabin hanya ya kusa.

Daga nan ne hanya take bin gefen iyaka, gero ya yi tsawo dama da hagu, sabis yana zuwa yana tafiya. Daga baya wani mai gyaran waya a bakin kasuwar Daura ya yi mini bayanin da ban nema ba. Ya ce waya a cikin mota mai gudu ba ta hutawa, tana sakin wannan ƙarfen sabis tana laluben na gaba, kuma a wajen iyaka har na Nijar take ƙoƙarin kamawa. Ya ce ga bulutut a kunne, ga data, ga wayifai da na manta ban kashe ba tun daga makaranta yana ta neman abin da babu a daji, ga fuskar wayar a haske ɗungurungum. Ya ce, "Malama, ai ƙofa huɗu kika buɗe wa batirin." Na gode masa. A ranar dai abin da na sani shi ne wani saƙo ya shigo da Faransanci yana yi mini barka da zuwa ƙasar da ban je ba, kuma caji ya koma goma sha tara.

Sai kuma ƙanwar Hajiya da ke Kano ta kira, kiran nan na ganin fuska, don ta nuna mata sabon jika. Hoton ya tsaya, ya motsa, ya yanke. Hajiya ta ce in sake kira mata. Ya sake yankewa. Ta ce in sake.

A nan ya kamata in yi magana. Kalma nawa ce? Hajiya, a bar sauran cajin nan. Amma na san abin da zai biyo baya. Za ta ce me za a yi da shi, ni kuma amsar guda ɗaya ce, Ummukulsum ta ce za ta kira in jikin yarinya ya canza. Ke nan in buɗe baki a gaban uwar mijina in ce hankalina yana kan 'yata ta fari. Na juya maganar a bakina sau uku, ta ƙi fita. Sai na kewaya.

"Hajiya, kamar wayar nan ta yi zafi ko?"

Ta taɓa bayanta. "Wallahi kuwa, kamar an sauke ta daga murhu." Ta naɗe ta da gefen mayafinta don kada ta ƙona mata hannu, ta ci gaba da yi wa jariri wasa.

Goma sha ɗaya. Takwas. Na daina jin abin da suke cewa. Idona ɗaya a titi, ɗaya a kan jan layin nan da yake ƙara sirancewa. Na yi ta gaya wa kaina zazzaɓin damina ne, wane yaro ne bai yi shi ba bana. Da kiran Kano ya ƙare don kansa, saura kashi huɗu, mun kusa Baure.

Sai ga kiran Abbas. Da yake wayar tana haɗe da motar, muryarsa ta fito ta ko'ina, da hayaniyar mutane a bayansa. Ya gai da mahaifiyarsa, ya ce ya ji mun tafi dubiya, Allah ya sawwaƙe. Sannan ya ce, "Af, Murja, na so in gaya miki tun shekaranjiya na manta. Buhun waken nan na zaure mai jar igiya, kada kowa ya taɓa shi. Ƙwari sun fara huda shi, na sa masa bom ranar Talata. Kada a kwance shi, kada a shigar da shi ɗaki. Sai na dawo."

Bom ita ce ƙwayar nan da 'yan hatsi suke ƙullewa a tsumma su tura cikin buhu mai leda. Tana narkewa ta zama iska, iskar ta kashe duk abin da yake numfashi a ciki.

Kun san me na ce? Na ce, "To."

Wallahi abin da na ce ke nan. Abin da ya fara zuwa kaina ba yarinyar ba ce, kunya ce, yau asirina ya tonu, Hajiya za ta ji na kwashi buhu guda na aika wa 'yata a ɓoye. Na ce bari in nemo yadda zan faɗa. Kafin in nemo, ya ce, "To sai anjima, zan kashe waya, mun shigo masallaci." Ya katse.

Ban yi tafiyar da ta kai tsawon gona ɗaya ba sai maganar Ummukulsum ta safe ta dawo mini. Amai. Nauyin ƙirji. Wari. Ɓeraye biyu matattu. Kuma na san gidan. Ɗaki biyu ne da rumfa, kuma duk abin da aka kawo na hatsi a ɗakin yarinyar ake jingine shi, bayan ƙofa. Na rufe mata taga, in ji ta.

Na taka birki har kan Hajiya ya kusa bugun gilashi. Na fizge wayar daga hannunta, abin da ban taɓa yi ba. Kashi biyu. Garin sauri na wuce sunan Ummukulsum, na dawo, na danna. Ta yi ƙara sau ɗaya a cikin motar. Ta yi ta biyu. A tsakiyar ta uku rediyon ya yi ɗan ƙyas, fuskar wayar ta yi baƙi.

Na danna maɓallin gefe. Na sake dannawa, na riƙe. Na buga ta a tafin hannuna kamar tocila.

"Lafiya, 'yar nan?" in ji Hajiya.

Na ce, "Buhun yana can."

"Wane buhu?"

"Na aika musu ranar Laraba. Yana ɗakinta, Hajiya. Ba zazzaɓi ba ne. Tana kwance da shi, an rufe taga."

Matar da ta yi shekara arba'in a gidan 'yan hatsi ba ta bukatar ƙarin bayani. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce innalillahi, a hankali, sau ɗaya. Ba ta tambaye ni don me na aika ba, ba ta tambaye ni don me ban faɗa wa Abbas ba. Ta ce, "Ja motar."

Na ja. Ban san motar nan tana da wannan gudun ba. Na tambaye ta ko ta haddace lambar Ummukulsum, ta ce ita ko tata ba ta sani ba, hoton fuska take dannawa. Ni ma lamba ɗaya ce a kaina duk duniya, ta Abbas. A raina ina lissafi, in na sami mai caji a Baure, minti biyar ya isa wayar ta farfaɗo, in kira, Ummukulsum ta fito da ita. Minti biyar da kira sun fi saurin kowace mota.

A shigar gari na hango rumfar mai caji, ga farantin sola a saman kwano. Na tsaya, na fito a guje ko ƙofa ban rufe ba. Kwaɗo ne a jikin rumfar. Ta cikin ragar waya ina ganin wayoyin mutane sun fi talatin a jere a kan katako, kowacce da 'yar fitilarta tana ci, ga cajoji suna lilo, har da irin tawa, tazarar hannu ɗaya daga inda nake. Na girgiza ragar. Na yi sallama da ƙarfi kamar akwai wanda zai fito daga ƙarƙashin teburin.

"Ya tafi masallaci," in ji wata mai fura da ke zaune a gindin bedi. "Duk sun tafi. Sai an sauko."

Na roƙe ta wayarta. Ta kwance gefen zani ta fito da 'yar ƙarama mai maɓallai, ta miƙo ba tare da ta tambayi ko ni wace ce ba, Allah ya saka mata. Na buga lambar Abbas. A kashe. Na sake. A kashe. Sau biyar na buga, ina jin muryar matar nan ta kamfanin waya tana ba ni haƙuri, na ji kamar in shiga cikin wayar in shaƙe ta. Mutumin da yake mantawa da komai, yau ya tuna ya kashe waya.

Na koma mota. Ba mu yi nisa ba muka tarar da abin da ya kamata in tuna tun farko. Masallaci ya cika ya tumbatso, sahu ya fito har kan titi, tabarmi da dardumai daga wannan gefe zuwa wancan. 'Yan agaji sun gitta benci biyu. Na leƙa lungun dama, ruwan daren jiya ya mai da shi tafki, wata amalanke ma tana ciki ta kafe. Na sauke gilashi zan yi wa ɗan agajin magana, sai na ji an tayar da iƙama. Mutane suka miƙe gaba ɗaya, shi ma ya juya ya bi sahu. Liman ya yi kabbara.

Raka'a biyu ce. Tun ina yarinya na san raka'a biyu ce, kuma ban taɓa jin ta yi tsawo ba. Na zauna riƙe da sitiyari, inji yana aiki, ina kallon bayan mutane ɗari-ɗari. Karatun yana fitowa ta lasifika a natse, limamin yana da murya mai daɗi, yana jan kowace aya. Allah ya yafe mini, a raina roƙonsa nake ya gajarta. Na yi tunanin in danna ham. Na yi tunanin in bar motar in ratsa ta gabansu a guje, in nemi babur a can gaba, amma masu baburan ma ga su nan a sahu, baburansu a jingine a jikin bango.

Abin da nake gani a idona shi ne ɗakin. Katifarta tana ƙasa, gefen ƙofa. Na taɓa shiga sau biyu, ina yi kamar wani abu nake nema, don kawai in ga inda take kwana. Na san in aka jingine buhu a bayan ƙofar nan, kanta da shi bai fi kamu biyu ba. Kwana biyu ke nan tana shaƙa. Yanzu ma, da nake zaune a nan, tana shaƙa, kuma Ummukulsum tana tsakar gida tana lallaɓawa kada ta yi motsin da zai tashe ta. Wataƙila ma ta ga kirana, ta biyo baya ta ji a kashe, ta ce ai suna hanya.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa sani ba. Na ji wani sauti yana fita daga maƙogwarona, na kasa tsayar da shi. Hajiya ta ɗora hannunta a kan gwiwata ta danna da ƙarfi. Ba ta dube ni ba, leɓɓanta kawai suke motsi.

Ana yin sallama ta buɗe ƙofa ta fita. Kun san yadda ake yi bayan an idar, wasu su zauna addu'a, wasu su tashi nafila, wasu su tsaya gaisawa a tsakiyar titi kamar sun shekara ba su haɗu ba. Hajiya Maiturare, mai ciwon ƙafa, ta ture bencin nan da kanta. Ta shiga cikin maza ba takalmi, mayafi yana jan ƙasa, tana ɗaga hannu tana cewa, "Bayin Allah ku ba mu hanya! Rai ne! Jikata ce, guba ta shaƙa! Ku ɗage tabarmin nan don girman Allah!" Wani dattijo ya fara naɗe dardumarsa, ya daka wa na kusa da shi tsawa. 'Yan agaji suka shiga gaba suna kore mutane. Na bi bayanta a hankali, mutane suna dafa motar suna cewa Allah ya kiyaye, har muka fita ɗaya gefen ta shigo tana haki.

Na tuna da mai caji, yanzu zai dawo rumfarsa. Amma komawa baya cikin taron nan, da jiransa, da jiran wayar ta farka, zai iya cin abin da ya rage na hanyar. Ko kuma ba zai ci ba. Ban sani ba, har yau ban sani ba. Na dai taka mota.

Abin da na riƙe na sauran hanyar kaɗan ne. Garken shanu ya tare mu sau ɗaya, na kutsa ta tsakiyarsu makiyayin yana zagina. Wani rami ya fizge sitiyarin daga hannuna, na kamo shi. Hajiya ba ta ce in rage gudu ba ko sau ɗaya.

A ƙofar gidan na bar motar a kunne. Ban yi sallama ba. Ummukulsum tana bakin murhu, ta ɗago da murmushi tana cewa, "Ah, Anti, yanzu na ga kiranki, na bi na ji a ka—" Na wuce ta. Ƙofar ɗakin a rufe, an saki labule a kai. Na banka ta. Warin ya buge ni, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi, nan take idona ya kawo ruwa. Ga buhun a bayan ƙofa, jar igiyar a ƙasa, bakin ledar a buɗe. Ummukulsum ta kwance shi tun daren Laraba ta ɗebi na alala.

Yarinyar tana kwance a gefenta, an lulluɓe ta har wuya. Leɓɓanta sun yi duhu. Na sunkuya na ɗauke ta, sai na ji ta fi ƙarfin yadda na shirya, na kusa faɗuwa. Rabona da ɗaukarta tun tana da wata ashirin. Kanta ya faɗa a kafaɗata, hannunta yana reto. Na fito da ita tsakar gida na shimfiɗe ta a ƙasa, na kara kunnena a hancinta. Kaji suna kuka, tukunya tana tafasa, Ummukulsum tana tambaya me ya faru, me ya faru. Na yi mata tsawa ta yi shiru.

Akwai numfashi. Siriri, da ɗan kurari a ciki, amma akwai.

Hajiya ce ta yi wa Ummukulsum bayani, a cikin kalma biyar ko shida, ta kuma hana ta komawa ɗakin ɗauko mayafi. Muka sa yarinyar a kujerar baya, kanta a cinyar Ummukulsum, gilasai duka a sauke, na juya motar muka koma asibitin Baure. A hanya ta yi amai sau biyu. Da ta buɗe ido, hannun Ummukulsum ta kama, ta ce, "Umma, kada ki tafi." Na ji ta sarai. Na ci gaba da kallon titi.

Kwana biyu ma'aikatan asibitin suka ƙi yi mana alkawarin komai. Suka ce wannan gubar ba ta da makari, sai dai a taimaki jiki a jira, kuma zuciya take bi. A rana ta uku ta nemi shayi. A ta biyar aka sallame ta. Na tambayi likitan ko da kiran nan ya shiga, da an fitar da ita tun muna bakin Baure, da abin bai kai haka ba. Ya ce in gode wa Allah. Abbas bai yi mini faɗa ba, shi ma yana da nasa abin da yake taunawa. Hajiya kuwa ba ta sake cewa in haɗa mata waya da rediyo ba, ko da ta ga caja biyu a motar.

Ba wanda ya zauna ya gaya wa yarinyar. Amma 'yan dubiya sun yi ta zuwa, kowa ya zo sai an maimaita masa labarin a kanta, ita kuma tana kwance ido a rufe, ana zaton barci take. Buhun da aka aiko daga Daura. Buhun Anti Murja.

Da ƙaramar salla ta matso na sayi takalmi mai igiya, irin wanda 'yan ajina suke yayi, da yadi uku da kwalbar man gyaɗa, na ba direban tasha. Kwana uku ban ji komai ba, sai na kira Ummukulsum. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta yi godiya, ta tambayi ƙannen yarinyar, ta sake yin godiya. Na ce ta faɗa mini kawai.

Ta ce, "Anti, ki yi haƙuri, yarinta ce, za ta daina. Yanzu duk abin da aka shigo da shi gidan nan sai ta tambaya, daga Daura ne? In aka ce e, ba ta taɓawa. Ba ta ma yarda a wuce da shi zaure. In an matsa mata sai ta fita waje ta tsaya a rana."

Na ce ba komai, a bar ta.

Ba ta daina ba. An yi babbar salla, an yi wata ƙaramar. Man gyaɗan maƙwabta aka ba wa, yadin Ummukulsum ta ɗinka wa kanta riga. Takalmin yana nan a zaure cikin ledarsa, a saman katanga. Satin da ya wuce Ummukulsum ta ce ta gwada da ido, ya riga ya yi mata kaɗan.